Gwaggo da Littafin da Ya Fara Daga Babi na Tara

Abin da na fara gani da na shiga gida shi ne akwatin ƙarfen Gwaggo a tsakar gida, rana tana dukansa, an jera kwanukan abincin 'yan gaisuwa a kansa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin akwatin nan a waje ba. Wurinsa ƙarƙashin gadonta ne, a kan bulo biyu saboda gara. Shi ya tabbatar mini da rasuwar, ba saƙon da aka kai makarantarmu ta kwana ba. Da Gwaggo tana da rai, wanda ya ɗora kwanon miya a kan littattafanta sai ya yi bayani.

An riga an kai ta kafin motarmu ta iso Minna. Ɗakinta cike yake da mata, an fitar da gado da komai an shimfiɗa tabarmi. Na gaishe su a hankali, na raɓe bayan ƙofa inda na saba zama.

"Allah ya jiƙan Malama," in ji wata tsohuwa daga layin masallaci. "Ina da jika uku ta kama hannuna ta koya mini rubuta sunana. Ranar da na sa hannu a asibiti ban dangwala yatsa ba, sai da ma'aikaciyar ta ɗago ta dube ni."

Aka amsa da amin. Wata ta ce, "Wasiƙa nawa ta karanta mini. Ban taɓa jin maganata a bakin kowa ba."

Matar Baffa ta gyara zama ta ce, "Mutuniyar kirki ce, babu mai musu. Allah dai ya yafe mata wahalar da ta ba mu da littafin nan."

Wasu suka rufe baki da mayafi, dariya tana neman ƙwace musu. Daga bakin ƙofa sai aka ce, "Wane wahala? Littafin nan ya fi ku gaskiya, ku duka."

Maman Garatu ce, aminiyar Gwaggo. Manomiya ce, Kirista, shekara talatin tana kawo doya unguwarmu ta Tudun Wada. A ƙafa ta taho, ta sauke damin itace daga kafaɗa, ko ruwa ba ta sha ba.

"Gaskiyar me?" in ji matar Baffa. "Labari ba kai ba gindi? An fara da ƙarshe an ƙare da farko?"

"Kai ne ba ka da kunne," in ji Maman Garatu. Hausarta ba ta raba namiji da mace, kowa "kai" ne a wajenta. "Malama ya sani. Ni ma na sani."

Inna ta ce, "Haba jama'a, gidan rasuwa ne fa!"

Aka bar musun. Ba a yi minti biyar ba na ji an ci gaba a kusurwa, ƙasa-ƙasa. Ni dai na tabbata da Gwaggo za ta leƙo ta ji ana musun littafi a zaman makokinta, da ta ce aikinta ya yi kyau.

Bayan la'asar aka aike ni da ruwa zaure. Nan na ji Baffa, wanda shi ne babba a gida yanzu, yana gaya wa Baba yadda za a yi da akwatin. In an yi sadakar uku, littattafan addini a kai Islamiyya, na boko kuma a ba mai ƙosan bakin layi, ta daɗe tana neman takarda. Baba ya ce to. Na ajiye ruwan na fito. Washegarin sadakar zan koma makaranta.

Ban iya magana a gaban mutane ba, kowa ya sani. Amma na iya rubutu, kuma ita ta koya mini. Shi ya sa nake rubuta wannan, don kada a wayi gari ba wanda ya tuna yadda take.

Gwaggo yayar Baffa ce da Baba. Mahaifinsu aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, shi ne kuma ya saka ta a makaranta lokacin da ba a sa mata. Ta yi aure, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gida ta kama koya wa matan aure karatu. Tabaranta hannunsa ɗaya ya karye, ta ɗaure da baƙin zare tana maƙalawa a kunne. Baba ya sayo mata sabo ta ce tsohon ya fi sanin idonta. Goro ɗaya take rabawa huɗu ya kai ta yini. Ba a taɓa mata littafi sai an wanke hannu, kuma wadda ta lashi yatsa za ta buɗe shafi, sai ta ji, "Tuwo ne?"

Kullum bayan la'asar mata suna taruwa a gindin mangwaron gidanmu. Wata da tsintar shinkafa, wata da ɗinkin hula, Gwaggo a kan kujera 'yar tsugunno tana karanta musu labari. Tana sauya murya. In ɓarawo ne ke magana sai ta maƙale wuya, in alƙali ne ta kumbura kumatu. Ta iya tsayawa daidai inda rai ya fi so, ta rufe littafi ta ce, "Magariba ta yi." A yi ta roƙo, ba ta ƙara ko layi ɗaya. In wata ta ce a tsallake wuri mai ban haushi, amsarta ɗaya ce: "A karanta abin da ke rubuce. Mai son nata labarin ta je ta rubuta."

Ni Mai-ido take ce mini, wai ba na magana amma ba abin da ke wuce ni. Wata rana ta miƙo mini littafi ta ce in karanta wa matan. Murya ta ƙi fita. Aka fara dariya. Ba ta yi mini faɗa ba, sai ta ce, "Idonsu ne ya dame ki? Juya musu baya. Mangwaro za ki karanta wa." Na juya na fuskanci bishiya, na karanta shafi uku ban yi tuntuɓe ba. Daga ranar, duk lokacin da muryarta ta gaji, ni ce mai karanta wa mangwaro.

Littafin da ake musu a kansa ya shigo gidanmu ina aji shida na firamare. A tashar jirgi ta saye shi wajen mai tallan littattafai. Siriri ne, bangonsa kore, shafukansa ba lamba. Labarin wani saurayi ne da ya hau jirgi zai tafi neman aiki, ya ɓace tsakanin tasha biyu, ba a ƙara ganinsa ba. Kowane babi mutum daban ne ke ba da labari, kuma ba su yarda da juna ba. Mai duba tikiti ya ce ya gan shi ya sauka. Wata fasinja ta ce barci yake har aka wuce. Abokinsa ya ce bai ma hau jirgin ba.

Ranar farko Gwaggo ta buɗe ta ce, "Babi na tara."

Matar Baffa ta ce, "Yaya, kin tsallake."

"Ban tsallake ba. Ga shi, shi ne a farko."

Bayan na tara sai na uku, bayan na uku sai na bakwai. Kafin mako ya zagayo matan gindin mangwaro sun rabu biyu. Ɓangaren matar Baffa suka ce an cuci Gwaggo, masu buga littafi ne suka hargitsa takardu suka sayar mata. Tsohuwar layin masallaci ta ce a'a, marubucin ne ke da taɓin hankali, a yi masa addu'a. Inna ta ce ita dai a gaya mata wa ke ƙarya, mai tikiti ko abokin, ta huta. Ɗaya ɓangaren 'yan kaɗan ne, amma ba su da sauƙi. Wata amarya ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin labarin da ya bi ta har madafa ba sai wannan. Maman Garatu, wadda sai ranar da ta shigo kasuwa take zuwa, ta koma zuwa kullum.

"Haka mutane suke magana," in ji ta. "Ka je inda aka yi faɗa ka tambaya. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Wa ya taɓa ba ka labari daga ɗaya zuwa goma?"

Maganar ta fita har waje. Maza da ba su ji ko layi ɗaya ba suka shiga musun a bakin masallaci, kowa da abin da matarsa ta gaya masa. Littafin ya riƙa kwana gida-gida. Masu zaginsa ma sun fi kowa aro.

Gwaggo ba ta taɓa cewa ta gane shi duka ba. Da Inna ta matsa mata, cewa ta yi, "Ni ma akwai inda ya kayar da ni. Amma wanda ya rubuta wannan da gangan ya yi, ba kuskure ba ne. Ina jin hannunsa."

Sai aka zo babi na shida, wanda shi ne na kusa da ƙarshe. A saman takardar an rubuta lambar babin, an rubuta cewa yanzu uwar saurayin ce za ta yi magana. Daga nan babu komai. Fari fat, gaba da baya.

Gwaggo ta karanta kan babin da ƙarfi, sai ta yi shiru. Idonta yana kan takardar, yana tafiya a hankali daga sama zuwa ƙasa kamar akwai rubutu. Ta juya bayan takardar, ta sake yin haka. Ina jin kazar maƙwabta tana tono, ina jin jirgi yana kuka daga tasha. Matar Baffa ta ce, "Yaya, ko tabaran ne?" Wasu suka ƙyalƙyale. Na dubi Maman Garatu na ga ta ɗora hannu biyu a ka, hawaye yana bin wuyanta. Ɗanta na fari ya tafi soja lokacin yaƙi, ba a kawo gawa ba, ba a kawo takarda ba. Duk unguwa an sani, amma ban taɓa jin ta ambace shi ba.

Da Gwaggo ta gama shirunta, sai ta karanta babi na ɗaya, wanda shi ne ƙarshen littafin. Ba komai a ciki sai safiyar da saurayin zai bar gida. Yana shan koko, uwarsa tana ce masa ya manta hularsa. A nan ya ƙare.

Ranar Gwaggo ta raka Maman Garatu har bakin titi, abin da ba ta saba yi wa kowa ba saboda ciwon gwiwa. Sun daɗe tsaye. Ban ga bakin ɗayansu ya motsa ba.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin.

Saboda yawan aro, bangon littafin ya cire, takardu suka fara zubewa. Gwaggo ta ba ni ta ce in kai wa Baffa ya ɗinke. Baffa baduku ne, shagonsa yana jikin zaurenmu. Shi ke yi wa malaman unguwa gafakar Alƙur'ani, kuma in takardun wani sun hargitse, wajensa ake kawowa ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin yana wannan aikin. A wajensa takarda ta bar muhallinta babban abu ne, ba ya iya barci sai ya mayar da ita.

Ya karɓa ya duba. Bokonsa ba shi da ƙarfi, amma ya san lamba. Ya ce, "Tara, uku, bakwai? Subhanallahi. Dubi yadda suka yi wa Yaya." Ya ɗauki aska ya raba babi-babi, ya jera su daga ɗaya zuwa tara. Da ya zo kan farar takardar ya ɗaga ta a haske ya ce, "Nan kuma injin bai kama ba," ya yar da ita ƙasa cikin guntayen fata. Ya sa basilla da jan zare ya ɗinke, ya yi masa sabon bango na fata mai kyau.

Ina tsaye a kansa daga farko har ƙarshe. Na san ba daidai ba ne. Maganar ta zo har bakina sau uku, na haɗiye. Abin da na iya yi kawai, da ya juya zai ɗauko zare, na sunkuya na tsinci farar takardar na cusa a riga.

Da kansa ya kai mata, yana murmushi. "Yaya, na gyara miki shi. Yanzu ko yaro zai gane."

Gwaggo ta buɗe, ta juya, ta sake juyawa. Ta cire tabarau ta ajiye a cinya.

"Wa ya ce maka ya lalace?"

"Ai a hargitse yake."

"Bango na ce ka ɗinke, ko labari? In ka sa kokon nan a farko, mutum ne kawai yana shan koko. In ya zo a ƙarshe, kowa ya san shi ne na ƙarshe da ya sha a gidan uwarsa. Ina babi na shida?"

"Ba komai a jikinsa, Yaya."

"Kai ne ba ka ga komai ba."

Baffa ya ce shi ba a taɓa raina masa aiki ba sai yau, kuma a kan littafin mahaukaci. Ta ce mahaukacin ya fi wani mai hankalin sanin abin da yake yi. Ya fita har ya mance takalmi ɗaya.

Ba su yi gaba ba, don Gwaggo ba ta yarda da gaba. Kullum da safe zai leƙo ya ce, "Yaya, ina kwana," ta ce, "Lafiya lau," shi ke nan. Hirar dare da suka saba, da tsokanar da take yi masa a kan furfurarsa, duk suka tsaya. Baba ya ce ta ba Baffa littafin ya mayar yadda yake mana. Ta ce, "Ba zan roƙe shi ba. Ranar da ya gane zai zo da kansa." Shi kuma Baffa ya ce ranar da ta gane gyara ya yi, za ta gode masa. Shekara uku suna haka. Amma duk Juma'a sai ta aike ni da rabin goronta in kai masa, shi kuma da damina ta yi ya hau da kansa ya toshe mata yoyon ɗaki, ba wanda ya ce wa wani komai.

Ba ta daina karanta littafin ba. Ta yayyaga ƙyalle ta sa alama a kowane babi, tana tsallakawa gaba da baya don ta bi tsarinsa na asali. In ta zo inda babi na shida yake a da, sai ta rufe littafin a kan yatsarta ta yi shirunta, daidai tsawon shafi biyu. Har matar Baffa ta daina dariya a wurin, ko da yake ba ta daina cewa shirme ne ba.

Ni kuwa ban taɓa gaya mata takardar tana wajena ba. In na faɗa, sai na faɗi cewa ina tsaye aka yi. Tana cikin littafin taswirata na makaranta, ina ta cewa hutu mai zuwa zan ba ta. Ranar da zan koma makaranta karo na ƙarshe kafin rasuwarta, ta riƙe hannuna ta ce, "Mai-ido, ido kaɗai ba ya isa. Wata rana sai kin buɗe baki." Ina jin ta sani. Ba abin da ke wuce ta ita ma.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya sa haƙurin da ta yi da masu koyo ya tsaya mata. Duk matar da ta rubuta sunanta da hannunta a layinmu, akwai rabon Gwaggo a ciki.

Da safiyar sadakar uku, bayan an yi addu'a an watse, na je na buɗe akwatin. Babu komai sai ƙamshin kafur. Na shiga ɗaki na ɗauko takardar daga littafin taswira, na nufi shagon Baffa.

Yana zaune a kan buzunsa. A gefe guda ga littattafan addini an ɗaure da igiya, a ɗaya gefen ga tulin na boko da za a kai wa mai ƙosai. Littafin yana saman tulin, ƙyallayen Gwaggo suna leƙowa daga cikinsa, aska tana kusa da shi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba. Na ji ina so in juya baya in fuskanci bango, kamar yadda nake yi wa mangwaro. Ban juya ba. Na miƙa masa takardar da hannu biyu.

Ya karɓa, ya ɗaga ta a haske kamar wancan karon. Ya daɗe yana kallo.

"Ina kika samo wannan?"

"A nan ƙasa, Baffa. Ranar."

"Kina tsaye ranar."

"Ina tsaye."

"Ba ki ce komai ba."

"Ban ce ba."

Ya ɗora takardar a gwiwarsa ya shafa ta da tafin hannu, yana miƙar da inda ta lanƙwashe. Sai na lura idonsa ya yi ja, kuma zaren da ke cikin basillarsa sabo ne, ba a ɗinka komai da shi ba.

"To," in ji shi. "Yau me kike so?"

Na dube shi, na ce, "Baffa, kada a ba mai ƙosai wannan. Ka farke ɗinkinka ka mayar da shi yadda Gwaggo ta saye shi. Na riƙe tsarin, zan riƙa faɗa maka kana jerawa: tara, uku, bakwai, huɗu, takwas, biyu, biyar, sannan wannan farar, sannan ɗaya. In ka gama, ka zo gindin mangwaro bayan la'asar. Maman Garatu ba ta tafi ba tukuna. Zan karanta, ka zauna ka ji shi sau ɗaya har ƙarshe."